Togaciya a Cikin Kwafin Ajiya: Misali daga Ƙasar Boɗinga da Shagari

Wanda ya fita birnin Sakkwato ya kama hanyar mota da ta nufi Tambuwal da Jega, zai ratsa Boɗinga tukuna, sa'an nan ya isa Shagari. Wannan yanki tsohuwar ƙasar karatu ce. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana zaune a Boɗinga. Cikin waɗannan shekaru ne Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri, a 1812, Malam Abdullahi kuma ya tsara Tazyinul Waraƙati, a 1813. Littattafan zamanin nan ba su san injin ɗab'i ba. Da alƙalamin kara da tawada almajirai suka yi ta kwafarsu, malami ya ba almajiri, uba ya bar wa ɗa, har suka bazu cikin garuruwa da ƙauyuka. Warƙoƙin kuwa ba a ɗinke su, sai a tara su cikin tadarishi, a sa a gafaka, a rataye.

Takarda tana da abokan gaba da yawa a ƙasar nan. Ga gara, ga ɓera, ga yoyon ɗaki da damina, ga gobara da hunturu, ga kuma rabon gado, wanda kan raba littafi ɗaya gida uku. Saboda haka tun da daɗewa masana suka ga wajibi ne a ɗauki hoton abin da ya rage. A 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka yi ta bin gidajen malamai ana ɗaukar littattafansu a ɗan siririn fim da ake kira makarofim. A 2004 kuma babban ɗakin karatu na Ingila ya buɗe shirinsa na ceton takardun da ke cikin haɗari, wanda ya kai ga waƙoƙin jihadi na Fulatanci da aka rubuta da ajami. Sai dai fim ya riga ya ba da wuri. Yanzu da kyamara ake ɗaukar shafi, hoton ya zama fayil a cikin kwamfuta.

To, fayil ma ba ya tabbata. Faifan kwamfuta yakan mutu ba sallama, musamman inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta bar kome ba. Maganin da aka sani shi ne kwafin ajiya, watau a riƙa kwafe abin da ke cikin kwamfuta lokaci lokaci zuwa wani faifai dabam, ko zuwa rumbun wani kamfani ta intanet, domin in na hannu ya salwanta a ɗauko na ajiye. Wannan kowa ya ji shi. Abin da ba a cika bayaninsa da Hausa ba shi ne, mai kwafin ajiya ba ya kwafe kome da kome. Yakan ce wa manhajar, “Kwafe duk, ban da kaza da kaza.” Wannan “ban da” ita ce togaciya, kuma a kanta wannan takarda take.

Malaman nahawu sun san babin da sunan istisna'i: a faɗi magana ta game kowa, sa'an nan a kawo “illa” a fitar da wani. Malam Abdullahi da kansa ya wallafa Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu, almajiran ƙasar nan kuwa sun daɗe suna karanta shi. Alƙalai ma sun san shi ta wata fuska, gama ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba akan sayar da gona “ban da ɗorawa”, daga baya a zo ana jayayya, wace ɗorawa aka nufa, ta bakin hanya ko duk wadda ke cikin gonar. Mai karatu ya riƙe wannan jayayya, za a komo kanta.

Dalilin togaciya a fili yake ga wanda ya yi ɗan lissafi. A ƙaddara wani ɗalibin jami'a ya je Mandera, ɗaya daga ƙauyukan wannan yanki, wani malami ya yarda ya kwance masa gafakokinsa. Kyamararsa tana ɗaukar ɗigo miliyan 24 a kowane hoto, kowane ɗigo kuwa bayit 3 yake ci in an ajiye hoton cikakke, irin wanda ake kira TIFF. Shafi ɗaya ke nan ya ci megabayit 72. Littafi mai warƙa 200 yana da shafi 400, watau kusan gigabayit 29. Littafi 12 irinsa sun haura gigabayit 340. Wanda ke da wutar lantarki dare da rana da intanet mai ƙarfi ba zai damu ba. Wanda kuwa sai ya kai kwamfutarsa wurin mai caji, yana kuma sayen data da kuɗin aljihunsa, dole ya duba abin da zai aika da abin da zai bari.

Abin bari kuwa akwai shi. Daga kowane babban hoto akan fitar da ƙarami, irin wanda ake kira JPG, domin sauƙin dubawa da aikawa ta waya. In ya ɓace, za a sake fitar da shi daga babban cikin ɗan lokaci. Kwamfuta da kanta takan bar tarkace: Windows takan aje wani fayil mai suna Thumbs.db, kwamfutocin Apple sukan aje .DS_Store, manhajar Word kuma duk sa'ad da aka buɗe takarda takan aje ɗan fayil mai farawa da ~$ har a rufe. Ma'aunin da za a auna da shi guda ne: abin da za a iya sake samarwa daga abin da aka ajiye, ana iya toge shi, abin da ba shi da na biyu, ba a toge shi ko da ya yi kama da shara.

Kafin a shiga alamomin, sai an san yadda fayil ke samun adireshi. Fayiloli suna zaune cikin jakunkuna, jaka cikin jaka, kamar ɗaki cikin sashe, sashe cikin gida. In za a rubuta adireshin, sai a jera sunayen daga waje zuwa ciki, a raba su da karkatacciyar sanda. Ga yadda ɗalibin nan zai iya tsara aikinsa:

Mandera/littafi01/asali/0001.tif
Mandera/littafi01/kanana/0001.jpg
Mandera/littafi01/bayani.txt
Mandera/wasiku/kanana/0001.tif

Layi na farko babban hoton shafin farko ne, na biyu ƙaraminsa, na uku bayanin da ɗalibin ya rubuta game da littafin da mai shi. Na huɗu wani abu ne dabam, za a zo gare shi.

Da a ce sai an ambaci kowane fayil da sunansa kafin a toge shi, da aikin bai yiwu ba, gama ƙananan hotunan sun kai dubbai. Shi ya sa aka ƙago alamun wakilci. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Yana da “wane” da “wance” da ke tsaya wa kowane sunan mutum, yana da “kaza” da ke tsaya wa kowane abu ko adadi. Tauraro, watau *, shi ne “kaza” na kwamfuta: yana tsaya wa haruffa ko nawa ne, ko da babu ko ɗaya. In an rubuta *.jpg, an ce “kaza ɗigo jpg” ke nan, duk sunan da ya ƙare da haka ya shiga. Alamar tambaya, watau ?, harafi ɗaya tak take wakilta, saboda haka littafi0? ya kama littafi01 har littafi09, amma bai kama littafi10 ba. Baka mai kusurwa kuma zaɓi take bayarwa: [0-4] na nufin lamba ɗaya tsakanin sifiri da huɗu.

Dabarar ta girmi yawancin masu aiki da ita. Tana cikin tsarin Unix tun fitowarsa ta farko a 1971, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka. A lokacin wata 'yar manhaja ce mai zaman kanta, sunanta glob. Daga nan ta yaɗu. Manhajar da za a fi kafa misali da ita a nan, rsync, Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da ita a Ostareliya a 1996, kuma tana ƙarƙashin kayan ajiya masu yawa da mutane ke aiki da su ba tare da sun san tana nan ba. Kowa yana iya samunta kyauta.

Yanzu a komo ga jayayyar ɗorawa. Ɗalibin nan yana so ya toge ƙananan hotuna, sai ya ba rsync ƙa'ida:

kanana/

Sandar da ke ƙarshe tana nufin jaka kaɗai ake magana, ban da fayil mai wannan suna. Amma tun da ba a faɗi wace jaka ba, manhajar za ta toge duk jakar da ake kira kanana ko'ina take. An ce “ban da ɗorawa” ke nan. Ga shi kuwa a layi na huɗu na misalin da ya gabata akwai wata kanana cikin jakar wasiku. Wannan ba ƙananan hotuna ba ne. 'Yan guntayen takardu ne da aka tarar cikin warƙoƙin littattafan: wasiƙar wani malami zuwa ga wani, shaidar bashi, fa'idar magani, ranar haihuwar yaro. Ɗalibin ya sa musu wannan suna wata rana da la'asar, yana gajiye, ya manta ya riga ya yi amfani da shi. Masu tarihi sun sani sau da yawa irin waɗannan guntaye sun fi littafin da suka kwana ciki daraja, domin littafin ana da kwafinsa a gari goma, guntuwar kuwa ita kaɗai ce. Da kalma ɗaya an fitar da su daga ajiya, manhajar kuma ba za ta ce uffan ba, gama abin da aka umurce ta ta yi.

Gyaran shi ne a ɗaure ƙa'idar a wuri. In aka fara ta da sanda, rsync takan auna ta daga bakin babbar jakar da ake kwafewa:

/littafi*/kanana/

Wannan ya ce, jakar kanana da ke kai tsaye cikin jakar wani littafi. An ce “ɗorawar bakin hanya” ke nan, jakar wasiku ta tsira. Sai dai a lura, tauraro guda a wurin rsync ba ya ƙetare sanda. In littafi na 7 yana da juzu'i biyu, ƙananan hotunansa suna littafi07/juzu2/kanana, to ƙa'idar ba ta kai gare su ba. Wanda ke so ta kai sai ya rubuta tauraro biyu a jere, /littafi**/kanana/, domin tauraro biyu yana ratsa jaka ko nawa ce. Kuskure ta wannan gefe mai sauƙi ne, iyakarsa a kwafe abin da ba a bukata, a ɓata wuri da data. Kuskure ta wancan gefe shi ne asara. Wanda ke shakka, gara ƙa'idarsa ta yi ƙunci da ta yi faɗi.

Kada kuma a ɗauka duk manhajoji bakinsu ɗaya. Tsohuwar manhajar nan tar, ta ƙungiyar GNU, in ana togaciya, taurarinta guda yana ƙetare sanda. Ƙa'idar da aka kwaso daga littafin wata manhaja aka liƙa wa wata, tana iya kama abin da mai ita bai taɓa nufi ba.

Akwai wata hanya da ta fi ta farko jan hankali, ta kuma fi ta haɗari, watau a rubuta *.jpg a huta. Muddin kowane JPG yana da babban uba a jakar asali, ba laifi. To, amma a ƙaddara ran da aka zo littafi na 9 batirin kyamara ya ƙare, malamin kuwa zai yi tafiya gobe, sai ɗalibin ya ɗauke shi da wayarsa. Waya JPG take ɗauka. Littafi na 9 ba shi da wani hoto sai wannan, ƙa'idar kuwa ta share shi gaba ɗaya daga ajiya. A nan ne ake bukatar togaciya cikin togaciya, a ce ban da JPG, amma fa na littafi na 9 a kwafe. A wurin rsync haka ake rubuta shi cikin fayil ɗin ƙa'idoji, alamar tarawa tana nufin a shigar, alamar ɗebewa tana nufin a toge:

+ /littafi09/*.jpg
- *.jpg

Jerin yana da muhimmanci ƙwarai. Manhajar rsync daga sama take karantawa, ƙa'idar da ta fara dacewa da fayil ita ke yanke hukunci, ba ta duba ta ƙasa. In aka juya layukan nan biyu, na ɗebewa ya hau sama, littafi na 9 ya tafi. Manhajar Git kuwa, wadda Linus Torvalds ya fitar a 2005, wadda kuma ɗalibai da yawa a wurinta suka fara koyon waɗannan alamomi, hukuncinta irin na nasihi da mansuhi ne: wadda ta zo daga baya ita ke shafe ta farko. Mutum ya saba da ɗaya, ya zo ga ɗayar da sabonsa, sai ya yi ɓarna yana ganin daidai yake yi. Abu ɗaya suka haɗu a kai, shi ne in an toge jaka, ba a iya ceto fayil daga cikinta da wata ƙa'ida, domin manhajar ba ta ko leƙa ciki. Wanda aka tsayar a zaure ba ya sanin abin da ke ƙuryar ɗaki.

Abin ban dariya, wani lokaci kuskure ne ke ceton kuskure. Kyamarori da yawa da manyan haruffa suke rubuta suna, IMG_0001.JPG, rsync kuwa tana bambanta babban harafi da ƙarami, saboda haka *.jpg ba ta kama .JPG ba. Windows a al'adarta ba ta bambantawa. Mai son kama duka biyu sai ya rubuta *.[jJ][pP][gG], ya kuma tuna akwai masu ƙarewa da .jpeg. Amma kafin ya yi wannan gyara ya duba tukuna, kada ya zama rashin kamawar nan ne kaɗai ya tsare masa wani littafi.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta ga mai rubuta Hausa, wadda littattafan koyarwa na waje ba su ambata. A wurin kwamfuta ƙ da k ba dangi ba ne ko kaɗan, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Ƙa'idar kasida* ba ta kama ƙasida ba. In mutum uku suka yi aiki a jaka ɗaya, ɗaya yana da allon rubutu mai ƙugiya, ɗaya ba shi da shi, ɗaya kuma yana rubuta k' a madadin ƙ, to kalma ɗaya ta zama uku. Mai wayo zai ce a sa alamar tambaya, ?asida, ta kama kowanne. Ba lalle ba ne. A tsarin UTF-8, wanda yawancin kwamfutoci ke aje haruffa da shi, k bayit 1 ne, ƙ kuwa bayit 2, kuma akwai manhajojin da alamar tambayarsu bayit take ƙirgawa, ba harafi ba. Tauraro ya fi aminci a nan, ko da yake shi ma yana da nasa kwaɗayi.

Harafin 'y ya fi su duka rikici. A Nijeriya da waƙafin sama ake rubuta shi, a Nijar kuwa da ƙugiya, ƴ. Waƙafin saman ma ba iri ɗaya ba ne: akwai miƙaƙƙe na allon rubutu, akwai lanƙwasasshe da Word kan sauya shi da shi ba tare da an tambaye ta ba, ido kuwa da ƙyar yake rabewa. Har wa yau, miƙaƙƙen nan shi ne alamar da ake kewaye ƙa'ida da ita in ana buga umurni a tsarin Unix da Linux. Jaka mai suna 'yan_makaranta tana iya tsinke umurnin a tsakiya. Kewayewar kuwa ba a barinta, gama in an buga --exclude *.jpg tsirara, mai karɓar umurni yakan riga rsync fassara tauraron, ya maye gurbinsa da sunayen hotunan da ke jakar da mutum yake tsaye a ciki. Na farko ya zama ƙa'ida, sauran su zama abin kwafewa. Mafita mai sauƙi ita ce a rubuta ƙa'idojin cikin fayil nasu, layi layi, a nuna wa manhajar shi da --exclude-from. A cikin fayil ba mai taɓa tauraro ko waƙafi.

Wasu ma'ajiya sun zaɓi su raba kansu da wannan duka, sai su sa wa jakunkuna da fayiloli lambobi da haruffan boko marasa ƙugiya, cikakken sunan littafin da na mawallafinsa kuwa, da ƙugiyarsa da ajaminsa, a rubuta cikin fayil ɗin bayani. Mai kishin harshe yana iya jin haushin haka, kuma yana da hujja. Amma sunan fayil lambar gafaka ce kawai, ba a nan ake raya harshe ba.

Saura magana kan abin da togaciya ke yi wa kwafin da aka riga aka ajiye, wanda mutane da yawa ba su sani ba. A ce watanni uku ana kwafe jakar wasiku lafiya, sa'an nan aka ƙara ƙa'idar da ta kama ta bisa kuskure. Manhajar rsync ba ta goge tsohon kwafin, ko da an ba ta umurnin --delete, domin abin da aka toge tana ɗauke masa ido ta kowane gefe. Mai duba faifan ajiya zai ga jakar tana nan, hankalinsa ya kwanta, alhali tun ranar ba a ƙara mata ko takarda ɗaya ba. In kuwa ya ga faifan ya cika, ya ji an ce --delete-excluded yana samar da wuri, ya buga shi, to duk abin da ƙa'idojinsa suka kama za a goge shi daga ajiyar nan take, na daidai da na kuskure.

Kada a ce wannan tsoron ƙauye ne. Tsakanin 14 da 16 ga Disamba 2021, babbar kwamfutar Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar fayil kimanin miliyan 34, terabayit 77, na ƙungiyoyin bincike 14. Umurnin da ya yi ɓarnar yana cikin shirin ajiyar kansa, an rubuta shi ne domin ya share tsofaffin bayanan aiki da suka wuce kwana 10. Aka sauya rubutun shirin yana cikin gudu, sunan jakar da ya kamata ya tsaya a ciki ya zama wofi, sai ya faɗa wa aikin mutane. Can sharewa ce, nan togewa, amma tushen ɗaya ne: an ba inji siffar abin da zai kama, siffar ta yi faɗi.

Magabata suna da maganin wannan, suna kiransa muƙabala. In almajiri ya gama kwafe littafi, sai su zauna shi da wani, ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin kwafi da ido, har su kai ƙarshe. Kalmar nan da akan rubuta a gindin warƙa, wadda ita ce farkon warƙa ta gaba, ita ma domin haka take, a gane in wata ta faɗi. Muƙabalar kwamfuta hawa biyu ce. Na farko gwaji ne kafin aiki: in aka ba rsync umurnin --dry-run, za ta nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa kome ba, in kuma aka ƙara mata -vv, za ta faɗi kowane fayil da ta ɓoye da ƙa'idar da ta sa ta ɓoye shi. Jerin abin da aka bari shi ya kamata a karanta a tsanake, fiye da jerin abin da aka ɗauka, ko da yake yawanci akasin haka ake yi. Na biyu ƙirga ce bayan aiki. Littafi mai warƙa 200, hotunansa a faifan ajiya su zama 400, ban da na tadarishi. In an tarar da 396, ba a tashi sai an san inda huɗun suka shiga. Lokaci lokaci kuma a ɗauko littafi guda daga ajiyar zuwa wata kwamfuta, a buɗe shafukansa a gani da ido.

Huɗun nan, sau da yawa, shafukan da ba rubutu ne. Mai ɗaukar hoto yakan sa musu alama a suna, kamar 0137_fanko.tif, daga baya wani mai son rage nauyi ya rubuta *fanko* cikin ƙa'idoji, yana ganin megabayit 72 a kan farar takarda ɓarna ce. Amma takardar da malaman ƙasar nan suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19, mai yawa daga Italiya ta fito, ta ratso Sahara a bayan raƙuma, tana ɗauke da tambarin da ba a gani sai an ɗaga ta ga haske: jinjirin wata uku a jere, wani lokaci da haruffan gidan da ya yi ta, kamar gidan Galvani na Pordenone. Da irin wannan tambari masana ke kintata shekarun kwafin da magatakardansa bai rubuta kwanan wata ba, kuma a shafin da tawada ba ta rufe ba aka fi ganinsa.

Fayil ɗin ƙa'idojin kansa yana karɓar sharhi: duk layin da ya fara da alamar # manhajar ba ta karanta shi, na mutane ne. A bisa kowace ƙa'ida sai a rubuta da Hausa abin da ta toge, da dalili, da ranar da aka sa ta, kamar yadda malamai ke rubuta hashiya a gefen matani. A aje fayil ɗin cikin babbar jakar Mandera, domin ya bi hotunan duk inda aka kwafe su, a kuma buga shi a takarda a haɗa da kwafin da za a mayar wa malamin da ya ba da aron littattafansa.